Hasumiyar Gobarau ta Katsina da giginyar ƙasarmu

Jawabin da wani malamin lekol ya yi wurin taron ƙungiyar ƴan ƙasar Gaya

Iyayena dattawa, ku gafarce ni, yaro ne ya miƙe gabanku. Ƴan uwa da kunka zo daga Yamai da Malanbil da Kamba da Kwatano, sannunku da hanya. Shugaban ƙungiya ya ce in yi magana bisa ginin mutanen da, ni kuwa na zaɓi gini guda, Gobarau ta birnin Katsina, don akwai abin da ya haɗa ta da mu.

Sarakunan waɗansu ƙasashe sukan gina ɗan bene cikin lambunsu, su hau su sha iska, su yi kallo. Namu sarakuna ba don shan iska sunka yi gini mai tsawo ba. Labarin da Katsinawa sunka gada ya ce an gina Gobarau zamanin Muhammadu Korau, sarkin Katsina na farko da ya musulunta. Hasumiyar babban masallaci ce, inda malamai ke karantarwa. Ladan shina hawa ya kira salla. Mai tsaro kuma shina hawa ya duba bayan ganuwa, in ya hangi ƙurar dawaki ya ba da labari, a rufe ƙofofi tun maharan ba su iso ba. Katsina ta sha yaƙi da Gobir. A 1807 mutanen jihadi sunka ci garin, zuriyar sarakunan da sunka koma wajen Maradi. Sarauta ta sake hannu, amma Gobarau tana nan tsaye, tsawonta kamar metir 15.

To, mi ya riƙe ginin ƙasa shekaru ɗaruruwa? Na ɗaya, siffa. Gindin shina da faɗi, ginin shina tsukewa hawa hawa har bisa, don haka nauyi ba ya rinjayar shi. Matakala ke kai mutum can ƙoli. Na biyu, tubali. Maginan Hausa da hannu suke mulmula shi, mai gindi da tsini, a shanya a rana, a jera shi tsini bisa, a cika tsakani da kwaɓaɓɓiyar ƙasa. Na ukku, yaɓe. Akan jiƙa makuba, wato ɓawon ɗorawa, a gama da ƙasa don ruwan sama ya zame. Yaɓe kuwa ba a yin shi sau ɗaya a manta, sai an riƙa sabunta shi.

Na huɗu shi ne namu: azara. Azara giginya ce da anka faskara, gara ba ta cin ta da sauƙi. Ita ke ɗaukar rufin soro, ita ke ɗaure gini. Giginya kuwa, kun sani, Allah ya ba mu ita cikin Dallol Mawri, har ana zuwa daga nesa a saya.

Wanga ilimi bai tsaya Katsina ba. Hasumiyar Agadas, kusa da fadar sarkin Abzin, metir 27 ce. An fara ta wajen 1515, anka sake gina ta a 1844. Itacen da ke fitowa jikinta, shi magina ke takawa in za su yi yaɓe. Kabarin Askiya Muhammadu a Gawo, wanda anka gina a 1495, metir 17 ne, shi ma ƙasa ce da itace. Mu mutanen Dandi ba baƙi ba ne ga sunan Askiya. Hukumar UNESCO ta sa Gawo cikin kayan tarihin duniya a 2004, Agadas a 2013.

Ga abin da ke damuna. Kuɗin da kuke aikowa gida, Allah ya saka muku, siminti da kwano suke saye. Ban hana ba. Amma tsohon zaure in ya tsage, sai a rushe shi. Tsohon magini in ya rasu, ba wanda ya gaje shi. Giginya kuma ana sara ta, ana tone muruci kafin ya zama itace, alhali sai ta yi shekaru da yawa take ba da azara.

Ina roƙon ƙungiya abu ukku. A ware wani abu daga asusu kowace shekara, a yaɓe zauren mai gari da tsohon masallaci kafin damina. A ba tsofaffin magina samari biyu ko ukku su koya, a biya su. Kowane gida ya shuka ƙodagon giginya, ya tsare shi daga bisashe. Mu malaman lekol za mu kai yara su auna gine-ginen, su zana su cikin kaye, su rubuta abin da dattawa sunka faɗi.

Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya maida kowa gidansa lafiya.