Gandayen Dajin Da Baƙi Ke Zuwa Kallo, Da Matsayin Makiyayi A Cikinsu

Iyayenmu ardo-ardo, alhazai fataken shanu, dillalai da sarakunan fawa, da sauran 'yan'uwa da kuka rufe rumfuna a nan kasuwar Kokoro kuka zo, muna yi muku barka da zuwa, Allah ya saka da alheri.

Maganarmu ta yau a kan wuraren da baƙi suke biyan kuɗin jirgi daga Faransa da Amurka don su zo su gani ne a ƙasar nan tamu ta Afirka ta Tsakiya. Wani zai ce ina ruwan makiyayi da yawon buɗe ido? To, da ruwansa, domin kusan duk inda baƙo yake son kallon nama, nan ne ciyawa da ruwa suke da rani.

Mu fara da na kusa. Da yawanmu mun sha wuce Boali a kan hanyar Bouar, amma su nawa ne suka taɓa sauka suka ga inda kogin Mbali yake zubowa daga tsawon mita 50? Wutar lantarkin Bangi ma daga can take zuwa, in ta zo. A Bouar kuwa akwai duwatsun da mutanen dā suka kakkafa a tsaye, ana ce musu Tajunu, yaranmu suna kiwo kusa da su ba su san ana ƙetaro teku don su ba.

A kudu maso yamma, wajen Bayanga, akwai Dzanga-Sangha da aka keɓe a 1990, wanda UNESCO ta sa cikin kayan gadon duniya a 2012 tare da dazuzzukan Kamaru da Kongo da ke maƙwabtaka da shi. A tsakiyar kurmin akwai wani fili da giwaye suke taruwa kullum suna tonon ƙasa mai gishiri, kamar dai yadda saniya take neman kanwa. Wannan baƙi suke hawa dandamali su wuni suna kallo. A watan Mayu na 2013 'yan bindiga suka kashe giwa 26 a wurin. Kurmi ne mai ƙudan tsando, ba mu da rigima a can.

Rigimarmu tana arewa da gabas. A ƙasar Ndele, inda ganuwar Sultan Sanusi take, akwai Bamingui-Bangoran tun daga 1933, akwai kuma Manovo-Gounda St Floris mai faɗin murabba'in kilomita 17,400. UNESCO ta karrama Manovo a 1988 saboda giwa da ɓauna da zaki da raƙumin dawa da karkanda. A 1997 kuma ta sa shi cikin wuraren da ke cikin haɗari, kuma a dalilan da aka lissafa, bayan mafarauta da rashin tsaro, har da shigar shanu. Karkanda dai ta ƙare ƙaf.

A nan dole mu faɗi gaskiya ko da a kanmu ne. Ba makiyayi ya ƙarar da giwa ba, masu neman haure ne da manyan bindigogi. Amma wa yake barbaɗa guba a mushe don zaki ya ci masa maraƙi? Zaki ya mutu, kura ta mutu, ungulu ta mutu, wani lokaci har karen ruga. Dattawan da ke zaune a nan kuma sun tuna ciwon bushiya na 1983, yadda ya kwantar da garkuna, ya kuma shiga ɓauna a daji. Cutar ba ta tambayi wanne ne na gida wanne ne na dawa ba. Alhamdu lillahi an bayyana ƙarewarta a duniya a 2011, amma sammore da ciwon huhu suna nan.

To amma laifi tudu ne. Tun wajen 1992 aka fito da tsari a arewa inda ƙauyuka suke samun kaso daga kuɗin da Turawa mafarauta suke biya, aka gyara makarantu da ɗakunan magani da shi. Madalla. Makiyayi fa? Shi ba shi da ƙauye a takarda, saboda haka babu kasonsa. Iyakar ma ba a nuna masa ba, sai ya ji ƙarar bindiga. Akwai ɗan'uwanmu da ya rasa shanu a rana ɗaya a bakin wani gandu da ba za mu ambata ba, yaron da ke kiwon bai iya karanta allon Faransanci ba, allon ma gobarar daji ta cinye rabinsa.

Abin da muka gani a Chinko, can gabas, ya fi kama hankali. Ƙungiyar African Parks ta karɓi wurin a 2014, daga baya ta ɗauki mutane daga cikin makiyaya, masu jin Fulatanci da Larabci, ana kiransu Tango. Ba sa riƙe bindiga. Sukan tari garkunan da ke gangarowa daga Sudan da rani, su zauna da masu shanu a sha shayi, su nuna musu hanyar da za su kewaye. Shanu suka ragu a tsakiyar gandun, nama ya fara dawowa. Ashe magana tana yin abin da harsashi bai yi ba.

Saboda haka ga abin da za mu kai gaban hukuma da masu kula da gandayen: a shata burtali da turakun siminti waɗanda wuta ba ta ci, a haƙa mashaya a wajen iyaka don kada ƙishirwa ta tura yaro ciki, a kawo allurar rigakafi bakin hanya, kuma duk zaman da za a yi na rabon kuɗin baƙi a ajiye wa ardo kujera. Mu kuma a namu ɓangaren, guba ta haramta a rugagenmu, wanda aka kama ƙungiya ba za ta tsaya masa ba. Alhazai masu garke a hannun 'yan kiwo, ku ma wannan ta shafe ku, don in an kama shanu naku ne ba na yaron ba.

Kowane ardo ya kawo wa sakatare sunayen mashaya da hanyoyin da mutanensa suke bi kafin shanu su fara gangarowa. Wanda bai iya rubutu ba ya zo da baki, za a rubuta masa.