Data, Da Yadda Za Mu Tattala Ta A Gida

Yau maganarmu a kan data ce, watau abin nan da mu ke saye a waya domin mu shiga intanet.

Tun shekarar 2001 da kamfanonin wayar salula suka kama aiki a Nijeriya, waya ta shiga birni da ƙauye. Da can kati kaɗai mu ke sawa mu yi kira. Yanzu kuwa gida da yawa suna ware kuɗin data kamar yadda su ke ware na cefane. A watan Janairu na 2025 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta yarda kamfanoni su yi ƙarin da bai wuce kashi 50 cikin 100 ba. Watau abin naira 1,000 ya iya kaiwa naira 1,500. To, abin da ya yi tsada haka, ai ya kamata mu san ma'auninsa.

Hatsi da mudu da buhu a ke auna shi. Ita data da megabait da gigabait a ke auna ta. Megabait shi ne ƙaramin ma'auni. Idan ya kai wajen 1,000 sai a ce gigabait 1. In mun sayi data, kamfani yana yanka mana iyaka biyu. Ta fari yawanta, ta biyu kwanakinta. Wadda ta riga cika, shi ke nan, an rufe.

Wani zai ce, don me a ke yi mana iyaka? Ku dubi dogon ƙarfen sabis na bayan gari. Shi kaɗai ne, amma duk wayoyin garin da shi su ke aiki, kamar rijiya ɗaya ce guga ya yi yawa. In kowa ya ja yadda ya ga dama, sai abin ya yi nauyi ga kowa. Ban da haka kuma, kamfani ciniki ya fito yi, a awo ya ke samun ribarsa. Har irin wadda a ke talla a ce ba ta da iyaka, ku sa a karanta muku sharaɗinta. Sau da yawa akwai adadin da in an kai shi, sai a rage mata gudu ta koma tafiyar hawainiya.

Yanzu ina data ta ke tafiya? Nan ne ya kamata mu buɗe kunne da kyau. Rubutu ba ya cin kome. Megabait 1 yana ɗaukar haruffa wajen miliyan 1, ya fi duk abin da ke cikin littafin nan na hannunku. Ga amfanin koyon rubutu ke nan tun ba a je ko'ina ba! Saƙon murya ya fi rubutu ci, hoto ya fi shi. Amma babban maciyi shi ne bidiyo. Kallon fim na awa 1 yana iya cinye gigabait 1, in kuwa mai haske tangaran ne, har ya kai 3. Yaro ya zauna da TikTok ko YouTube daga la'asar zuwa isha'i, ya cinye abin da zai ishi uwarsa gaisuwa da 'yan'uwa wata guda.

Akwai kuma ɓarnar da ido ba ya gani, irin ta gara a rumbu. Waya tana shan data ko tana cikin aljihu. WhatsApp yana sauko da hotuna da bidiyon da a ka turo zaure, ko ba mu nema ba. Facebook yana kunna bidiyo da kansa. Manhajojin waya suna sabunta kansu da dare. Duk waɗannan akwai wurin da a ke hana su a cikin saitin waya. Wanda bai iya ba ya kawo wayarsa wurin malamin aji, ba abin kunya ba ne. In kuma ba ma amfani da data, mu kashe ta, kamar yadda a ke hure fitila in za a kwanta.

Gidan da a ke raba data daga waya guda, ko daga akwatin wayifai, maigida ya sa lambar sirri, kada ya faɗa wa kowa sai mutanen gida. In ya ga ta bazu a unguwa ya sake wata. Fim ko wa'azin da ɗaya ya riga ya sauko da shi, sauran su karɓa ta Bluetooth ko Xender, wannan ba ya cin data. Babu dalilin mutum biyar a gida ɗaya su biya kuɗin abu ɗaya sau biyar.

Mu kuma lura da ranar ƙarewa. A yawancin tsare-tsare, in mun sake saye kafin kwanaki su cika, a kan haɗa mana ragowar da sabuwa. In muka yi sakaci, ragowar ta tafi. Kuma in data ta ƙare ba mu kashe ba, a wasu layuka waya takan koma cin kuɗin kati, shi kuwa ya fi tsada nesa.

Tun 2023 lambobin dubawa iri ɗaya ne a dukan layukan ƙasar nan. Ku rubuta su. *323# ita ce ta ganin ragowar data. *312# ta saye. Wanda ya ga an yi masa yankan da bai gane ba, ya fara kiran kamfaninsa a 300. In ba a share masa hawaye ba, ya kira NCC a 622, kyauta ne.

Ga aikin gida. Malam ya sayi gigabait 6 na kwana 30. Megabait nawa ya kamata gidansa su ci a rana? Sa'an nan kowa ya danna *323# da safe da kuma dare har kwana 7, ya rubuta abin da ya gani a littafinsa. Ku zo da shi aji na gaba mu duba tare.