Ɗalibin da Aka Ɗauki Nauyinsa: Wa Ke Bin Sa Bashi?

Shugaban taro, iyayenmu hakimai da dagatai, Allah ya ja zamaninku. Malamai, Allah ya gafarta muku. Iyayenmu mata, sannunku da zuwa. Sai ku ƙannena ɗalibai 'yan Anka da Gummi da Bukkuyum, waɗanda dominku aka taru a yau.

An nemi in yi magana a kan ɗalibin da wani ya ɗauki nauyin karatunsa a jami'a, ko gwamnati ce ta ɗauka, ko ɗan majalisa, ko attajirin unguwa, ko kawun da ya sayar da san noma. Kafin in zo kan ɗalibin, bari mu koma shekarar 2010, domin a shekarar ce aka auna karatun wannan yanki.

A farkon shekarar, agwagi suka yi ta mutuwa a wasu ƙauyukanmu, ba wanda ya kawo komai a ransa. Daga nan sai abin ya koma kan yara: amai, jijjiga, suma, sai a ce wane ya rasu. Aka ɗora wa zazzaɓin cizon sauro, aka ɗora wa sanƙarau, wasu suka ce iska ce. A watan Maris ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF, da suka fito bibiyar sanƙarau, suka lura cewa maganin da ake bai wa yaran ba ya aiki. Sai da aka kai jininsu Turai aka gwada, sannan aka san gubar dalma ce. Dutsen da ake haƙowa don zinare yana ɗauke da dalma. Ana kawo shi cikin gida, a farfasa, a zuba a injin niƙa, ƙurar ta sauka a tsakar gida inda yaro ke rarrafe yana kai hannu baki. A 'Yargalma da Tungar Guru ta Bukkuyum, da Dareta da Abare da Sunke da Bagega ta Anka, an rasa yara kimanin 400. A wasu wuraren, dalmar da aka samu cikin ƙasa ta haura kashi 100,000 cikin miliyan, alhali a lokacin Amurka ba ta yarda ta wuce 400 a filin wasan yara ba.

To wa ya auna ƙasar? Masana daga hukumar CDC ta Amurka, da kamfanin TerraGraphics na jihar Idaho, da cibiyar Blacksmith. Su suka tsara yadda za a kankare saman ƙasar gidaje, a binne ta a rami, a zubo sabuwa. 'Yan jiharmu sun yi aiki tare da su, sun kuma sha wahala, Allah ya saka musu. Amma na'urar aunawar da ilimin karanta ta daga ƙetare suka zo. Ita kuwa Bagega, da aka bar ta a baya saboda kuɗin gyara ya maƙale, sai da wani matashi daga Abuja, Hamzat Lawal, da abokan tafiyarsa suka tayar da ƙura a intanet, tare da matsin ƙungiyoyi irin su Human Rights Watch, sannan gwamnatin Goodluck Jonathan ta saki kuɗin a farkon 2013. A lokacin muna da 'ya'ya a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, muna da su a Zariya, muna da su a Bayero. Ban faɗi wannan don in kunyata kowa ba. Na faɗa ne don ku san girman gurbin da ke jiran ku.

Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Gaskiya ne, amma sai a tantance mai ladan. In daga baitulmali kuɗin ya fito, to na mai sayar da ƙuli-ƙuli a kasuwar Nasarawar Burkullu ne, na manomin da ambaliyar 2024 ta cinye wa gida a Gummi ne, na matar da ke zaman gudun hijira a Anka ne. Wanda ya sa hannu a takarda ɗan aike ne. A gode masa, godiya tarbiyya ce. Sai dai abin da nake gani yau ya wuce godiya: yaro mai karatun haɗa magunguna ya koma ɗan jagaliyar Facebook, yana zagin sa'an ubansa don kare maigida, saboda tsoron kada a cire sunansa daga jerin masu karɓar alawus. Wannan yaro zai iya fita da sakamako mai daraja ta ɗaya, amma girman da aka tura shi ya samo bai same shi ba.

Muna da abin misali a gida. Sheikh Abubakar Mahmud Gumi ɗan alƙalin Gummi ne. Ya yi elemantare a Dogon Daji, ya yi midil a Sakkwato, ya wuce makarantar shari'a ta Kano, ya koyar a Maru a zamanin da Malam Aminu Kano ma yake koyarwa a can. A 1954 gwamnatin Jihar Arewa ta ɗauki nauyinsa zuwa cibiyar horar da malamai ta Bakht al-Ruda a Sudan, tare da su Halliru Binji da Shehu Galadanci da Hassan Gwarzo. Ku dubi abin da wannan 'yar ƙaramar tawaga ta zama. Galadanci shi ya fara shugabantar Jami'ar Sakkwato. Binji da Gwarzo sun riƙe alƙalancin alƙalai. Gumi ya zama Alƙalin Alƙalan Arewa a 1962, ya sami lambar yabo ta Sarki Faisal a 1987. Na san a zauren nan akwai waɗanda ba su tare da shi a fahimta, kuma ba wannan muhawarar ta tara mu ba. Abin da nake so ku ɗauka shi ne inda ya kai iliminsa. Larabcin da aka biya masa ya zurfafa, bai killace shi tsakanin manyan malamai ba. Ya fassara Alƙur'ani zuwa Hausa, ya zauna a Masallacin Sultan Bello yana tafsiri ana watsawa ta Rediyon Kaduna, har tsohuwar da ba ta taɓa riƙe allo ba ta ji da kunnenta. Binji ma da Hausa ya rubuta wa yara littattafan addini.

To kai mai karatun kimiyyar ƙasa, ko lafiyar al'umma, ko shari'a, za ka iya zama a gindin bishiya ka bayyana wa mahaƙin zinare, da Hausar da zai gane, dalilin da ya sa niƙa dutse da ruwa ya fi niƙa shi a bushe? Za ka iya gamsar da shi ya bar kayan aikinsa a daji, ya yi wanka kafin ya ɗauki ɗansa? Kada ka ce masa ya daina haƙa. Gwamnatin tarayya ta hana a 2019, ta ɗage hanin a ƙarshen 2024, kuma kowa a nan ya san abin da ya gudana a tsakani. Mutumin da gonarsa ta koma hannun 'yan bindiga ba zai saurari wa'azin barin rami ba, amma zai saurari dabarar da za ta tsare masa ɗa.

Nan ne nake da ja da abin da ƙungiyoyinku na ɗalibai ke kira hidimar al'umma. Ana ɗinka riguna iri ɗaya, a sayi sabulu da taliya, a kai asibiti, a yi hoto. Lada yana nan, in Allah ya karɓa. Amma ko wanda bai taɓa shiga aji ba zai iya wannan, wataƙila ma ya fi ku hannu sake. Abin da ku kaɗai za ku iya shi ne wanda ya fito daga kwas ɗinku. Mai karatun lissafi ya ɗauki 'yan aji shida na sakandaren garinsu a hutun dogon zango ya shirya su wa JAMB, har ya nuna musu yadda ake riƙe linzamin kwamfuta, don da yawansu ranar jarrabawa suke fara taɓa ta. Mai karatun shari'a ya taimaki gwauruwa ta rubuta ƙorafin gado. Kundin binciken da za ku rubuta a shekarar ƙarshe kuwa, don Allah a daina sayen na wasu ana canza suna. Ruwan rijiyoyin Bagega yana nan yana jiran mai aunawa. Yaran da suka tsira daga dalma a 2010 yanzu samari ne da 'yan mata, kuma likitoci sun tabbatar dalma tana taɓa ƙwaƙwalwa taɓawar da ba ta gogewa. Yaya suka kasance a makaranta? MSF ta miƙa wa gwamnatin jiha aikin kula da yaran da dalma ta shafa a 2022. Amsa irin wannan tambaya yanzu ta dawo kanmu.

Ban manta da halin da kuke ciki ba. Yajin aikin ASUU na 2022 ya cinye muku wata takwas. A Satumban 2023 an shiga ɗakunan kwanan ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau a Sabon Gida an kwashi 'yan mata. Wani a cikinku hutun ma ba ya iya zuwa garinsu, don garin ya watse tun harin 'yan bindiga na Janairun 2022. Wanda yake wannan hali ba a ce sai ya sayar da ransa ba. Mutanen garin nasa suna Anka, suna Gusau, 'ya'yansu suna zaune ba makaranta. Ya same su a inda suke.

Sai ku masu ɗaukar nauyi, ranku ya daɗe, ku ma akwai taku. Tura yaro karatu ba ya ƙarewa a ranar bikin rabon takardu. Mun karanta a jaridu yadda ɗaliban jihar nan suka maƙale a Sayifurus saboda kuɗin makaranta, kuma mun ga yadda yaƙin Sudan na 2023 ya koro ɗaliban Najeriya gida karatu a rabe. Wanda ba zai iya kai yaro ƙarshe ba, gara ya biya wa biyar a nan gida, a Talata Mafara, da ya tura ɗaya ƙetare ya manta da shi. Rancen NELFUND da aka fara a 2024 ya rage wa wasu nauyi, amma sunansa rance, kuma ana cike shi ne a intanet, a yankin da wani sai ya hau tudu yake samun sabis. Sannan ku riƙa tambayar sakamako kowane zango. Ɗalibin da ba a taɓa ce masa "kawo mu gani" ba, zai ɗauka ba wanda ya damu.

Abu na ƙarshe, wajenku iyaye nake roƙonsa. A 2010, cikin gidaje gubar take, a wurin da baƙon namiji ba ya wuce zaure. Mata ne ke tare da yaran, kuma a gidaje da dama su ne ke dakan dutsen. Wanda zai shiga ya zauna da su, ya duba idon yaro, ya ga inda ake shanya garin dutse kusa da tukunya, sai mace. Saboda haka ina roƙon duk wanda zai raba guraben tallafi a waɗannan ƙananan hukumomi uku, ya ware wa 'yan mata rabo bayananne a karatun jinya da unguwarzoma da aikin ɗakin gwaje-gwaje, a rubuta shi a takarda tun kafin 'yan siyasa su kawo sunayensu. Uban da ke tsoron irin satar 'yan mata ɗalibai da aka yi a Jangebe da Sabon Gida yana da hujja, don haka tallafin ya haɗa da masauki a cikin harabar makaranta da kuɗin mota mai tafiyar rana. In an yi masa wannan, sai mu aika dagacinsa ya je ya roƙe shi.