Hadari Da Sauyin Tsarin Tafiya: Jawabi Ga Hakimai Da Malamansu



Duk wanda ya yi damina a ƙasar Funtuwa da Malumfashi ya san daga inda hadari ya kan taso. Ya kan haɗu ne daga gabas, yawanci da la'asar ko cikin dare, iska ta riga shi isowa, sa'an nan ruwa ya kece, ya wuce yamma. Amma ba kowa ya san inda tafiyarsa take ƙarewa ba. Masana yanayi sun gano cewa da damina, kowane kwana uku zuwa biyar, wata igiyar iska ta kan ratsa Afirka ta Yamma daga gabas, tana ɗauke da hadari, har ta faɗa tekun Atlantika ta wajen Senegal da Gini. Idan ta tarar da ruwan teku da ɗumi kusa da tsibiran Kef Verde, sai ta fara juyawa tana ƙara ƙarfi. Idan gudun iskarta ya kai mil 39 a awa, a raɗa mata suna. Idan ya kai mil 74, ta zama mahaukaciyar guguwa ke nan. Mafi yawan manyan guguwowin da su kan afka wa tsibiran Karibiyan da Amurka, asalinsu daga nan Afirka ne.

A wannan teku na Karibiyan akwai manyan jiragen ruwa na masu yawon shaƙatawa, waɗansu su kan ɗauki mutum fiye da 5,000. Su kan tashi daga Mayami da sauran tashoshin Fulorida, su yi kamar mako guda suna bin tsibirai. Watanni kafin ranar tashi an riga an buga tsarin tafiyar, kowa ya biya kuɗinsa a kan haka. Lokacin guguwa kuwa daga 1 ga Yuni ne zuwa 30 ga Nuwamba, ta fi tsanani daga tsakiyar Agusta zuwa Oktoba. Duk da haka jirage ba su daina tafiya. Abin da ake yi shi ne a sāke tsarin.

Ga yadda a kan yi. Ma'aikatar lura da guguwa ta Amurka, wadda ke Mayami, ta kan ba da sanarwa kowane awa shida, ta nuna inda guguwa take da inda ake zaton za ta bi har kwana biyar. Iskar guguwa tana da gudu, amma ita kanta guguwar a hankali take matsawa, yawanci mil 10 zuwa 15 a awa, jirgin kuwa ya kan yi fiye da mil 20. Saboda haka kyaftin da ya ji labari da wuri yana iya kauce mata. Wani lokaci ya juya tsarin, tashar ƙarshe ta zama ta farko. Wani lokaci ya tsallake tasha guda, a wuni bisa teku. Idan guguwar ta nufi tsibiran gabas, sai ya karkata yamma, zuwa Jamaika ko gaɓar Meziko. Idan kuwa hukuma ta rufe tashar da zai koma, sai ya dakata nesa har a buɗe, tafiyar kwana bakwai ta zama ta tara. A jikin takardar da fasinja ya saya an rubuta cewa kamfani yana da ikon sāke hanya, don haka ba a tsayawa gardama.

Misali biyu sun isa. Guguwar da aka kira Irma ta bar gaɓar Afirka a ƙarshen Agusta 2017, ta ragargaza tsibiran San Martin da San Tomas a farkon Satumba. Jiragen yawon shaƙatawa sun riga sun kauce, waɗansu ma suka komo da abinci da ruwa, suka kwashe mutanen da suka rasa mafita. Amma a Oktoba 1998 wani jirgi mai suna Fantome ya sauke fasinjojinsa a Beliz, ya fita neman mafaka daga guguwar Mitch. Guguwar ta sāke hanya ba yadda aka zata ba, ta riske shi kusa da Honduras, ya nutse da ma'aikatansa 31. Waɗanda aka sauke tun da wuri su ne suka tsira.

Ƙasar Katsina ba ta da teku, guguwa irin wannan kuwa ba ta haɗuwa bisa tudu. Amma tana da rangadi, tana da damina daga Mayu zuwa Oktoba, Agusta kuwa shi ne marka. Hakimin da zai zaga ƙauyukan Bakori, ko Danja, ko Kafur, ko Faskari, domin sasanta rikicin iyakar gona, ko duba rabon taki, ko rakiyar ma'aikatan rigakafi, shi ma yana da tsari a rubuce, da jama'a masu jiransa. Da zarar an bar kwalta, hanyar ƙasa ce da laka da fadama da rafi. Sau da yawa rafi ya kan cika alhali ko ɗigo bai sauka a wurin ba, domin an yi ruwa can sama. Don haka akwai abubuwa biyar da ya kamata a kiyaye.

Na farko, sauraron labari. Hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, watau NiMet, tana ba da hasashen damina kowace shekara, tana kuma ba da na kwanaki ta rediyo da waya. Malamin hakimi ya saurara kafin a tsai da rana, ya kuma tambayi dagacin da za a je wurinsa halin da hanya take ciki da safiyar tashi.

Na biyu, a rubuta tsari biyu tun daga gida. Ƙauyukan da ke hayin rafi a sa su farkon damina ko bayan marka, na bakin kwalta a ajiye su domin ranar da hanya ta ƙi.

Na uku, a yi sammako, a gama da hayi kafin azahar, tun da hadari ya fi tasowa da yamma. Kwana a gidan dagaci ya fi ƙetare rafi da duhu.

Na huɗu, hukunci ya kasance a hannun mutum guda, a kuma yanke shi da wuri. Idan direba ko mutanen wurin suka ce ruwa ba ya ƙetaruwa, kada a tilasta musu domin kunyar masu jira. Ruwan da ya kai gwiwa, in yana gudu, yana iya ɗauke mota.

Na biyar, sanarwa. Manomin da ya bar noman audugarsa ko masararsa ya zauna a ƙofar dagaci tun safe, bai ga kowa ba, ya yi hasarar yini a lokacin da yini yake da tsada, gobe kuma in an kira shi ba lalle ya zo ba. Da zarar an sāke tsari, malami ya aika wa dagaci da masu unguwa, ya faɗi dalili, ya faɗi sabuwar rana, ya kuma rubuta a littafi domin sanin Majalisar Sarki. Idan kuwa hadari ya riski taro, a sallami jama'a su shiga ɗaki, kada su fake a gindin bishiya, saboda tsawa.

Sāke ranar rangadi ba gazawa ba ne ga shugaba. Rana ana iya mayar da ita, rai kuwa ba shi da madadi, sannu kuma ba ta hana zuwa. Allah ya ba da damina mai albarka, ya kiyaye matafiya na tudu da na ruwa, amin.