DOKA TUN TANA ƊANYA: LACCA GA 'YAN KASUWAR MASHI

Ga laccar da Sakataren Reshen Jam'iyya ya yi wa talakawa da 'yan kasuwa a Mashi. Mun buga ta duka domin sauran rassa su karanta wa waɗanda ba su iya karatu ba.



An umurce ni in yi muku bayani a kan hanyar da doka ta ke bi kafin ta zama doka. Na san waɗansu za su ce ina ruwan mai awon gero da wannan zance, ai na lauyoyi ne. To, duk wanda aka taɓa miƙa wa rasit a bakin rumfarsa, ko aka tsai da motarsa a hanyar Katsina zuwa Daura aka ce ya biya kaza, ya sani cewa takardar nan, in ta gaskiya ce, akwai dokar da ta haife ta. Dokar kuwa ba daga sama ta faɗo ba. Mutane ne suka zauna cikin ɗaki suka shirya ta, a ranar da mu muna nan muna ciniki ba mu sani ba.

A zamanin En'e ba a tambayar talaka. Umurni ya kan fito daga wurin Razdan ya zo wa Sarki, Sarki ya aika wa Hakimi, Hakimi ya gaya wa Dagaci, sai dai ka ji mai shela a kasuwa yana faɗin abin da aka yanke. Majalisar Jihar Arewa ta fara zama a Kaduna cikin 1947, amma ba talakawa suka zaɓi mutanenta ba. Saboda irin wannan danniya ne aka kafa NEPU a Kano ran 8 ga Agusta 1950, su Malam Aminu Kano suka sha ɗauri da tsangwama domin talaka ya sami bakin magana. Yau ga shi muna da wakilai iri uku. Akwai na Mashi a Majalisar Dokokin Jihar Katsina, ɗaya cikin 34. Akwai na Mashi da Dutsi a Majalisar Wakilai ta Abuja, ɗaya cikin 360, sa'an nan ga Sanatan shiyyar Daura, ɗaya cikin 109. Ƙuri'a dai mun samu. Abin da ya rage mana shi ne sanin abin da a ke yi da ita bayan an kwashe akwati.

Kafin doka ta zama doka sunanta shirin doka, wanda 'yan rediyo su ke ce wa ƙuduri. Ƙofa biyu ce ya kan shigo ta cikinta. Ko dai Gwamna ya sa Ma'aikatar Shari'a ta rubuta ya aiko da wasiƙa, Kakakin Majalisa ya karanta ta a zaure, ko kuwa wani wakili ya kawo nasa na kansa. Ni da kai ba mu da ikon shiga zaure mu gabatar, amma ba wanda ya hana ƙungiyar 'yan kasuwa ta rubuta abin da ta ke so ta danƙa wa wakilinta ya kai da sunansa. Saboda haka in wakili ya ce muku shi ba shi da ikon kawo doka sai Gwamna ya aiko, ku ce masa ba haka ba ne.

Da shiri ya shigo sai a yi masa karatu na farko. Kada sunan ya ruɗe ku, ba a karanta kome sai sunansa kaɗai. Akawun Majalisa ne ya kan miƙe ya faɗi sunan, ya zauna, ba muhawara. Kamar dai an sauke buhuna daga mota ne an ce ga kaya sun iso. A karatu na biyu ne wanda ya kawo shi ya kan tashi ya faɗi amfaninsa, wakilai su yi ta musu a kan jimlarsa, watau ko ana bukatarsa ko ba a bukata. Wannan shi ne wanda ku ke ji a rediyo, inda kowa ya ke ɗaga murya domin a ji shi a gida. Daga nan Kakaki ya tambaya, masu so su amsa, waɗanda ba su so su amsa, ya buga gudumarsa. In ya faɗi a nan, ya mutu. In ya tsallake, sai Kakaki ya ce an miƙa shi ga kwamiti kaza, ya kawo rahoto cikin mako kaza.

To, jama'a, nan ne na ke so ku kasa kunne, domin nan ne a ke kwance bakin buhu.

Kwamiti wakilai ne kaɗan da Majalisa ta ware domin wani fanni, kamar kuɗi, ko gona, ko kasuwanci, ko ƙananan hukumomi. Sashe na 103 na Tsarin Mulkin 1999 shi ya ba Majalisar Jiha ikon naɗa su. Shugabannin Majalisa su ke raba kujerun, galibi kuwa shugabancin kwamiti na jam'iyya mai rinjaye ne. Su ne za su bi shirin nan sashe sashe. Su ne za su ga inda aka rubuta naira nawa za a biya, wa zai karɓa, wa aka ɗauke wa, tarar nawa ce ga wanda bai biya ba, wata nawa ne a gidan yari. Kowane mai awo ya sani ba a bakin buhu a ke ɓoye tsakuwa ba. Haka ita ma doka, sunanta kullum mai daɗi ne, gyaran kasuwa, ko kyautata tattara kuɗin shiga. Dafin yana can ƙarshen takarda, cikin jerin kuɗin da za a biya, inda mai jawabi a zaure ba ya kaiwa.

Kwamiti ya kan kira zaman jin ra'ayin jama'a. A ranar nan kowa na da damar ya kawo takarda ko ya yi magana da bakinsa. Amma ku duba yadda abin ya ke gudana. Sanarwa ta kan fito cikin jaridar Turanci wadda ba ta zuwa kasuwar ƙauye, zaman kuwa a Katsina ko Abuja. Wa zai je? Kwamishina zai je, manyan kamfanoni za su aiko lauyoyinsu da takardu a shirye, mai sayar da manja kuwa sai ta ji labari bayan an gama. Sa'an nan a rubuta cikin rahoto cewa an saurari jama'a.

Ko zuwa wurin yana da amfani? Ga misali wanda ya taɓa aljihun kowa. A watan Oktoba 2024 Shugaba Tinubu ya aika wa Majalisar Tarayya shirin dokokin haraji guda huɗu. A ciki an nemi harajin sayen kaya, wanda a ke kira VAT, ya tashi daga kashi 7 da rabi cikin 100 zuwa 10, ya yi ta hawa har ya kai 15 a 2030. An kuma nemi kashi 60 cikin 100 na rabon jihohi ya bi inda aka tara kuɗin. Gwamnonin Arewa da sarakuna suka taru a Kaduna cikin watan nan suka ce ba su yarda ba. Duk da haka Majalisar Dattawa ta yi masa karatu na biyu a watan Nuwamba ta miƙa wa Kwamitin Kuɗi, aka yi zaman jin ra'ayi a watan Fabrairu 2025. Da rahoto ya fito, harajin ya tsaya a 7 da rabi, kashi 60 ɗin nan ya koma 30, a haka aka sa hannu ran 26 ga Yuni 2025. Kun ga abin da ya shiga kwamiti dabam, abin da ya fito dabam. Sai dai mu faɗi gaskiya, waɗanda suka fi matsawa gwamnoni ne, su kuwa rabonsu su ke karewa. Mun ci albarkacin faɗan manya ne. Ran da bukatarsu ta saɓa da tamu, in ba mu je da ƙafarmu ba, ba mai faɗa dominmu.

Har wa yau kwamiti kabari ne. In manya ba su son shiri, ba su kan kashe shi a fili inda za a gan su ba, sai su miƙa shi ga kwamiti a sa a aljihun tebur. Majalisa kuwa shekara 4 ce rayuwarta, in ta ƙare, shirin da bai kammala ba sai an sake shigo da shi. Shirin dokar man fetur ya fara shiga Majalisa a 2008, bai zama doka ba sai Agusta 2021, sa'ad da Muhammadu Buhari, mutumin Daura, ya sa hannu. Shekara 13 ke nan. Wani lokaci kuma kabarin nan ya kan yi rana. Shirin dokar da aka kawo a 2019 domin ɗaure bakin masu magana a intanet ya wuce karatu na biyu, amma da aka zo jin ra'ayi a watan Maris 2020 jama'a suka yi masa ca, bai sake tashi ba.

In kuwa manya na so, ku ga gudu! A watan Mayu 2024 Majalisar Wakilai ta yi wa shirin komawa tsohon taken ƙasa karatu uku a yini ɗaya, ran 29 ga watan aka sa hannu. A Kano, dokar da ta ƙirƙiro sababbin masarautu a Mayu 2019 cikin 'yan kwanaki aka gama ta, wadda ta rushe su a Mayu 2024 kuwa ranar da Majalisa ta zartar da ita ranar Gwamna ya sa hannu. Ban zo in ce wanne ne daidai cikin biyun ba. Abin da na ke nuna muku shi ne, duk wakilin da ya ce muku aikin Majalisa ba ya sauri, ku tambaye shi aikin wa.

Abin da ya saura bayan kwamiti gajere ne. A kan ajiye rahoto, Majalisa duka ta koma kwamiti guda ta bi shi sashe sashe, a yi karatu na uku. Na Abuja sai ya bi ta majalisu biyu, in sun saɓa a naɗa kwamitin sasantawa. Gwamna yana da kwana 30 ya sa hannu ko ya ƙi, bisa ga sashe na 100. In ya ƙi, kashi biyu cikin uku na wakilai, watau 23 cikin 34 a Katsina, suna iya sake zartarwa ta zama doka ba da hannunsa ba. Amma da an kai nan an riga an sallama, kukanku ya zama ihu bayan hari. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi.

Saboda haka ga abin da Reshe ya ke roƙonku. Tsarin Mulki ya sa kasuwanni da tashoshin mota da mahauta cikin aikin ƙaramar hukuma, amma Majalisar Jiha ce ke yin dokar da ƙaramar hukuma ta ke aiki da ita, don haka idonmu ya fi kamata ya tsaya a Katsina. 'Yan hatsi, da 'yan kara, da mahauta, da 'yan koli, da direbobi, kowace ƙungiya ta fid da mutum guda mai karatu. Duk ran da wakili ya zo gida, kada a tsaya ga gaisuwa da karɓar na goro. A tambaye shi, cikin wane kwamiti ka ke? Wane shiri ne ke gabanku wanda ya shafi kasuwa ko haraji? Yaushe ne ranar jin ra'ayi? A nemi kofe a hannunsa, a zauna a fassara, a fara da shafin ƙarshe inda kuɗi su ke.

In za ku rubuta takarda kada ku cika ta da kirari ko zagi. Ku ce sashe kaza ya ce a biya kaza, mu kuwa ribar mai rumfa a ranar kasuwa ba ta wuce kaza ba, muna so a mai da shi kaza. Shugabannin ƙungiya su sa hannu, wanda bai iya ba ya dangwala, a kai wa akawun kwamiti, a sa ya buga hatimi a kan kofenku ku dawo da shi gida ku adana. Kada kuma wani ya ji kunyar Hausarsa. Sashe na 97 ya yarda Majalisar Jiha ta yi aiki da harshen mutanenta bayan Turanci in ta ga dama, kuma tun a Majalisar Kaduna ta zamanin Sardauna da Hausa a ke muhawara tare da Turanci. Ku miƙe ku yi magana da harshen da kuka yi zaɓe da shi.

Wakilin da ya ƙi sauraro, sashe na 110 ya ba ku ikon yi masa kiranye, in fiye da rabin masu rajista a mazaɓarsa suka sa hannu, Hukumar Zaɓe ta tabbatar, aka yi ƙuri'ar raba gardama. Hanya ce mai wuya ƙwarai, ba na ruɗinku. Kuɗin motar mutum biyar zuwa Katsina ranar jin ra'ayi ya fi ta sauƙi nesa ba kusa ba.

Ƙungiyoyin da suka riga suka fid da mutumensu su ba da sunansa kafin a watse. Mai tambaya kuma ya ɗaga hannu, iyayenmu mata su fara.