DIGIRI NA BIYU A KIMIYYAR SINADARAI: HANYAR SHIGA DA NAUYIN DA KE KANMU

Jawabin kwamitin ilimi a taron shekara da aka yi a Unguwar Rimi, Kaduna



A kowace shekara muna alfahari da yawan 'ya'yanmu da suka kammala digirin farko. Amma idan aka nemi waɗanda suka zarce zuwa digiri na biyu a kimiyyar sinadarai, wato kemistiri, sai a iya ƙirga su da yatsu. Wasunsu ma sun fara, sun ci jarrabawa, sai tafiyar ta tsaya a wurin bincike. Wannan shi ne abin da kwamitinmu yake son jawo hankalinku a kai.

Da farko, wane amfani wannan ilimi yake da shi gare mu? Mu tuna shekarar 2010, lokacin da yara fiye da 400 suka rasu a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara. Iyaye suna niƙa duwatsun zinariya a cikin gida, alhali duwatsun cike suke da dalma, ƙurar tana shiga jikin yara. Sai da aka auna jini da ƙasar tsakar gida aka gano asalin cutar. Haka kuma a 2008, wani maganin haƙoran jarirai mai suna My Pikin ya hallaka yara fiye da 80 saboda wani sinadari mai guba da ya gurɓata shi. Gano irin wannan guba aikin masanin sinadarai ne, kuma mai digirin farko ba kasafai ake damƙa masa ragamar ɗakin gwaji ba.

Mu mazauna Kaduna ba mu da uzurin nisa. Jami'ar Jihar Kaduna, wadda aka kafa a 2004, ga ta nan a Titin Tafawa Balewa, maƙwabciyar wannan unguwa. Makarantar Horon Hafsoshin Soja ta NDA tana karɓar farar hula a karatun gaba da digirin farko. Ga Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya tun 1962, ga kuma cibiyar binciken fasahar sinadarai ta ƙasa, NARICT, a Basawa.

Mai neman gurbi yana buƙatar digiri mai daraja ta biyu aƙalla, da takardar kammala bautar ƙasa ko ta yafewa, da sakamakon sakandare mai kyau a Turanci, lissafi da darussan kimiyya, da wasiƙun shaida daga malaman da suka san shi. Wanda ya fita da daraja ta uku yakan fara da babbar difloma. Abin da ya fi ɓata wa ɗalibai lokaci shi ne cikakken sakamakon jarrabawa da tsohuwar jami'a take aika wa sabuwa kai tsaye. A neme shi tun kafin a fara sayar da fom, domin da yawa sun rasa shekara guda a kansa.

Kafin cike fom, ɗalibi ya san reshen da yake so: awon sinadarai, ko sinadaran tsirrai da magunguna, ko na roba da rini, ko na muhalli. Ya je sashen da ƙafarsa, ya gano malaman da suke bincike a fannin, ya tambayi ɗaliban da ke ciki ko na'urorin suna aiki. Tun ran gini tun ran zane.

Shekarar farko ta darussa ce da jarrabawa. Daga nan ɗalibi ya gabatar da tsarin bincikensa gaban malaman sashe, ya shiga ɗakin gwaji, ya rubuta kundi, sannan ya kare shi gaban masani daga wata jami'a. A takarda shekara biyu ce, amma takan zarce. Yajin aikin malaman jami'o'i na 2022 kaɗai ya ci wata takwas.

A wannan zango na biyu ne 'ya'yanmu suke faɗuwa. Ɗalibin tarihi ko na shari'a yana iya kammala kundinsa da littattafai da tafiye-tafiye. Ɗalibin kemistiri kuwa sau da yawa shi ke sayen sinadaran gwaji, waɗanda akasarinsu daga waje ake shigo da su da dala, kuma kowane samfur da ya kai a auna masa, kuɗinsa daban. Tallafin TETFund na malaman manyan makarantu ne, na PTDF kuma ya karkata ga fannin mai da iskar gas, kuma masu nema sun fi guraben yawa. Ɗan talaka da ba ya cikin waɗannan, sai da ruwan cikinsa zai ja na rijiya.

Don haka kwamitinmu yana gabatar da shawarwari uku. Na ɗaya, a ware wani kaso na asusun ilimi domin kuɗin bincike kaɗai, a riƙa biya bayan malamin da ke duba ɗalibin ya sa hannu. Na biyu, a fifita binciken da ya shafi gida: ruwan rijiyoyin burtsatsenmu, kayan lambun da ake shayarwa da ruwan Kogin Kaduna, takin da ake sayar wa manomanmu. A kawo wa ƙungiya kwafin sakamakon da Hausa. Na uku, 'yan uwanmu da ke aiki a hukumar NAFDAC, hukumomin ruwa da masana'antu su ba kwamiti sunayensu domin su zama jagororin ɗalibai, musamman 'ya'yanmu mata, waɗanda aure da reno sukan katse wa karatu.

Muna roƙon shugabannin rassa su kai wannan magana ga membobinsu, su kuma kawo mana amsa kafin taro mai zuwa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.