Fankar Sama da Ingancin Sababbin Gidajenmu

Jawabin da ɗaya daga cikin injiniyoyinmu ya gabatar a taron shekara-shekara na Ƙungiyar Tsofaffin Ɗalibai



Kwamitin shirya wannan taro ya umarce ni da in yi magana a kan abin da ya shafi sana'ata, kuma wanda zai amfani kowa. To, da yake yawancinmu yanzu ko dai muna gini, ko mun gama, ko muna taya 'ya'yanmu, sai na zaɓi in yi magana a kan fankar sama. Na ga wasu sun yi murmushi. Ku yi haƙuri ku saurara, domin yadda aka rataye fanka yakan nuna irin aikin da aka yi wa gidan baki ɗaya.

Fankar da muke saye mai inci 56 takan kai nauyin kilo 5 zuwa 8, tana kuma juyawa kamar sau 300 a minti guda. A watannin Maris da Afrilu, in akwai wuta, kwana take tana aiki a saman kawunan yaranmu. Wannan girgiza ta yau da gobe ita ce ke sassauta noti, ta zare ƙusa daga katako. Saboda haka ba nauyinta kaɗai za a duba ba.

Abu na farko shi ne marataya. Idan ɗakin na dakin ne, ƙugiyar fanka rodi ce mai kaurin milimita 10 ko 12, wadda ake lanƙwasawa a ɗaure ta da rodin dakin tun kafin a zuba kankare. Idan kuwa rufin kwano ne, sai a gitta katako mai ƙarfi ko ƙarfe a tsakanin katakan rufi, a ɗaure da noti, a kuma shafa wa katakon maganin gara. Silin kwali, da na roba, da na POP da ake yayi yanzu, duk ado ne, ba a yi su don ɗaukar kaya ba. Duk wanda ya maƙala fanka a jikinsu, ko ya ɗaure ta da wayar ɗaurin rodi, ya haƙa wa iyalinsa rami ne a sama.

Na biyu, ƙananan abubuwan da ke cikin kwalin fanka. Akwai roba da ke zama a kan ƙugiya, akwai noti, akwai kuma ɗan siririn fil da ake sokawa a bakin notin a tanƙwara don kada ya kwance. Wasu fankokin har da wayar ƙarfe ta ko-ta-kwana, wadda za ta riƙe fanka in sandar ta saki. Sau da yawa yaran aiki sukan zubar da waɗannan da sharar kwali. Ku nemi a nuna muku su a inda suka dace kafin a ja murfi a rufe.

Na uku, tsawo. Kada fuka-fukan fanka su gaza mita 2.3 daga ƙasa, a kuma bar kamar rabin mita tsakanin bakinsu da bango. A nan ina jawo hankalin hukumar makaranta game da ɗakunan kwanan ɗalibai: gado mai hawa biyu ba ya zama a ƙarƙashin fanka ko kusa da ita. Dukanmu mun san yadda yaro yake zabura da asuba in ya ji muryar firfet.

Na huɗu, wayarin. Wutarmu a Nijeriya tana kusan bolt 230, ta isa ta yi kisa. Dole makunni ya zauna a kan waya mai wuta, domin in aka juya, fanka za ta tsaya amma wuta na nan a jikin wayarta tana jiran mai gyara. Dole kuma a ja waya ta uku wadda ke kai wuta ƙasa in ta zubo a jikin ƙarfe. Layin fitilu da fanka yana son waya mai milimita 1.5, na soket kuwa 2.5, kuma ta jan ƙarfe zalla. Akwai jabu a kasuwa, wadda goran ruwa ce aka yi wa rufin jan ƙarfe. Kankare bakinta da wuƙa, in ka ga fari, ka mayar.

Ya ku 'yan uwa, ku lura duk abin da na lissafa ɓoye yake. Mai saye yana ganin tayil da fenti, ba ya ganin rodi. Wannan ita ce cutar sababbin gidajenmu, musamman waɗanda ake ginawa don sayarwa. Buhun siminti mai kilo 50 da ya kamata ya ba da bulo mai inci 9 kamar 30, sai a ja shi ya ninka. Kankare yana bukatar ban ruwa na aƙalla kwana 7, ba ya kuma cika ƙarfinsa sai ya kwana 28, amma sai a cire katakon tallafi da wuri don a kai wani aikin. Ba mu manta da benen nan mai hawa 21 da ya rushe a Ikoyi ta Legas a shekarar 2021 ba, inda fiye da mutum 40 suka rasu, ko makarantar da ta rufta wa ɗalibai a Jos a watan Yulin 2024. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Halin da ke sa a zubar da fil ɗin fanka, shi ne ke sa a rage rodi a ginshiƙi.

Dokoki kuwa muna da su. An kafa COREN mai rajistar injiniyoyi tun 1970, akwai SON mai lura da ingancin kaya, an fito da kundin ƙa'idojin gini na ƙasa a 2006, ga kuma NEMSA mai ba masu aikin wuta shaidar ƙwarewa. Amma babu jami'in da zai kwana a wurin gininka.

Don haka shawarata uku ce. Ka je da ƙafarka, tare da wanda ya san aikin, ranar da aka gama ɗaurin rodi, da ranar da aka gama katakon rufi, da ranar da aka gama jan waya, kafin a rufe kowanne. Ka nemi mai aikin wuta ya nuna maka takardarsa. Sannan kowace shekara kafin zafi ya shigo, a kashe wutar gida daga tushe, a hau a duba kowace fanka. Wadda ke rawa ko ƙara, a dakatar da ita sai an gyara.

A ƙarshe ina roƙon ƙungiya ta ɗora wa injiniyoyin cikinmu duba fankokin azuzuwa da ɗakunan kwana na wannan makaranta kyauta, kafin hutu ya ƙare. Ni na fara ba da sunana. Malamanmu sun koya mana cewa aikin da ba a duba ba, ba a gama shi ba.